Ranar Haihuwar 'Yar Fari

Longsight, Manchester

Zuwa ga amaryata Latifa,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ya aiki, ya sanyin Birmingham? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da kunne, su kuwa sun riga sun zama 'yan gida. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san sai da na yi gemu na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma waya ba na jin abin da ake faɗa a cikinta.

Bayan gaisuwa, shekarar da aka canza kuɗi ne, aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira da kwabo, tsofaffi suka yi ta rigima da masu awo a kasuwa. A wannan shekarar aka haifi mahaifiyarki. An yi ruwan shuka, gero ya fito, sai ruwa ya ɗauke ya bar mu muna kallon sama. Da hantsi ne, ranar kasuwar garinmu. Iyakar abin da na sani ke nan. Kin ce kina son ƙarfe nawa da minti nawa. Agogo ɗaya ne a garin, na dagaci, shi ma don ado yake ɗaura shi.

Na amsa miki don kin tambaya. Amma jiya kawunki Bara'u ya dawo daga asibiti, muna cin tuwo, ya ce, "Baba, ka san abin da 'yar nan za ta yi da ranar?" Na ce watakila takardar gwamnati za ta cike. Ya yi dariya, ya buɗe wayarsa ya karanto mini abin da kika aika masa. Latifa, tuwon nan ban ƙarasa shi ba.

Wai iri uku ne. Na ɗaya na taurari, a ba su ranar haihuwa su faɗi halin mutum. Ni manomi ne, na san taurari kafin a haifi ubanki. Idan Kaza da 'ya'yanta ta ɓace mun san damina ta matso, Gamzaki ya fito mun san lokacin tashi ya yi. Ban taɓa jin tauraro ya ce wane marowaci ne ba. Ƙasar nan kuma, tun da na zo ban ga tauraro uku a haɗe ba saboda hadari, amma nan ne aka fi sanin abin da suke nufi.

Na biyu wai lambobi, a haɗa wannan da wancan a ce ga lambarka. Wannan ai hisabi ne, muna da shi a gida. Akwai wani a bakin tasharmu, Ɗanjuma mai allo, yana karɓar sunanka da na uwarka ya buga ya ce ga matar da za ta dace da kai. Shi kansa aurensa bai taɓa kai damina biyu ba.

Na uku shi ne ya fi tayar mini da zuciya. Karta. Abin da 'yan caca suke bugawa a bayan mahauta, wanda in aka ga ɗanka a wurin sai ka kasa fita masallaci. Wai shi ne yanzu aka yi masa zane, jikata mai digirin haɗa magani take zama gabansa yana gaya mata ko ita wace ce.

Kin yi makarantar allo kafin ki zo ƙasar nan, ba sai na gaya miki abin da malamai suka ce a kan mai zuwa wurin duba ba. Ki tattara tarkacen nan ki zuba a shara. In ba haka ba na sake ki, na auri 'yar maƙwabtanmu, ita ko ba ta jin Hausa tana gaishe ni.

Kin dai san ƙarshen watan nan zan koma gida, kuma ba dawowa zan yi ba. Ƙasar nan ta ishe ni, ina so a binne ni inda ƙasa take da ɗumi. Ki zo mu yi sallama.

Allah ya yi miki albarka.

Mijinki,
Rabe

*

Sparkhill, Birmingham

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka ya jiki. A gaida Kawu Bara'u, a ce masa na gode da tsegumi.

Batun saki kuma, angon da haƙoransa suke kwana a kofi ba ya yi wa mace barazana. Ka auri maƙwabciyar, in ga wanda zai riƙa aiko maka da kilishi.

Kaka, ba duba nake yi ba. Ban tambayi kowa abin da zai faru gobe ba, wannan na Allah ne, na sani. Abin da ya faru shi ne, manager ɗinmu a pharmacy ya kira ni ofis ya ce ina da wuyar sha'ani, ina faɗa wa mutane magana ba na tauna ta. Ba shi ne na farko da ya faɗa ba. Na dawo flat ina ta tunani, wai ni wa na biyo? Clara da muke zaune tare, 'yar Jos ce, nurse, ta ce in gwada waɗannan abubuwan, ba don gaskiya ne ba, don suna sa mutum ya zauna ya dubi kansa. Ita ma ta ce da mamarta za ta sani da ta kai ta gaban fasto.

Na fara da kaina, sai na ga ba ni nake nema ba. Mama nake nema. Ina da shekara huɗu ta rasu. Hotonta ɗaya gare ni, na katin makaranta, ba ta ko murmushi. A jikin katin an rubuta ɗaya ga Janairu, 1973, da shi na yi amfani tunda ba ni da wani.

Na taurari ya ce wanda aka haifa a ranar alamarsa akuya ce. Wai mutum ne mai sanyi, mai kame kai, ba ya yawan dariya, ba ya nuna ƙauna. Na lambobi ya ce lambarta huɗu, mai tsari, mai taka-tsantsan, ba ta kashe kwabo sai da dalili. Na karanta na ce to, ashe haka Mama take, shiru-shiru. Ashe ba ita na biyo ba. Ban ji daɗi ba, amma ko ba komai na samu wani abu na riƙe.

Karta ita ba ta neman rana. Clara ta baza su a kan tebur na zaro ɗaya. Wata mata ce a zaune tsakanin ginshiƙai biyu, ta ɓoye takarda a cikin mayafi. Clara ta ce, "Ni ban san mamarki ba, katin ma bai san ta ba. Tambaya kawai yake yi. A gidanku wa yake riƙe da magana ya ƙi faɗa?"

Kai ne, Kaka. Kai ka san sunan kowace rijiya a garinku da wanda ya haƙa ta. Ka san wa ya auri wa tun zamanin Turawa. Baƙi suna zuwa gidan Kawu musamman don ka warware musu dangantaka. Amma in na ce ka ba ni labarin Mama, sai ka ce "Allah ya jiƙanta," ka tambayi ko an sa ruwan shayi. Sunanta Zinatu. Ban taɓa ji ya fito daga bakinka ba. Kawu yaro ne a lokacin, ya ce bai tashi gida ɗaya da ita ba. Inna, matarka, ta rasu ban yi wayon tambayarta ba. Babana ya yi sabon gida a Kaduna, in na tambaya sai ya ce mutuniyar kirki ce, shi ke nan.

To wa zan tambaya? Karta dai ko ƙarya ce tana amsawa.

Ka huta lafiya.

Jikarka,
Latifa

*

Longsight, Manchester

Zuwa ga Latifa,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Akuya. Wato zama kika yi wani wanda bai taɓa shan ruwan garinmu ba ya ce miki uwarki akuya ce, kika ce to.

Bari in gaya miki inda ɗaya ga Janairun nan ya fito. Lokacin da za su yi jarrabawar fita firamare aka ce kowane yaro ya kawo ranar haihuwa. Wa yake da ita? Hedimasta ya zauna a gindin darbejiya ya rubuta wa ajin gaba ɗaya rana ɗaya, don kada ya wahalar da kansa. Ke nan duk ajinsu awaki ne, har da ɗan limamin da ya zama soja da 'yar Sarkin Fawa da ba ta iya rufe baki. Ranar da ke jikin katin nan naira aka haifa, ba ita ba. In lambar huɗu ba ta kashe kwabo, sai a je a tambayi naira.

Wai mai sanyi, ba ta dariya. Yarinyar da in ta yi dariya a gidan yayata ana ji a masallaci, har liman ya taɓa aikawa a ce ta rage. Wai mai taka-tsantsan. Ita da ta hau tsamiyar bakin kasuwa ta faɗo ta karya hannu, aka ɗaure, ɗaurin bai kwance ba ta sake hawa. Wai ba ta kashe kwabo. An ɗora mata tallan ƙosai ta rabar da rabi a hanya, ta dawo ta ce ai yunwa suke ji, a doke ta in za a doke ta. Hoton da kike gani ba ta murmushi, haƙorinta na gaba ne ya gutsure a faɗa da wani yaro da ya zagi ƙawarta, shi ya sa ta tsuke baki.

Kin ga abin da kika sa ni. Har na cika shafi don takaici.

Batun suna kuma, ke a nan kika girma, ba ki sani ba, kuma ba wanda ya zaunar da ke. Ita ce 'yar farina. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya hira da shi. Ranar da aka haife ta ina gona aka zo aka gaya mini, ban ɗago kai ba, na ci gaba da noma har rana ta take, don da na ajiye fartanya na ruga gida da garin ya yi shekara yana yi mini dariya. Da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta, can ta girma. In mun haɗu a hanya ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Haka ubana ya yi wa yayata, haka nasa uban ya yi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ita ta san haka. Ranar da aka kai ta makwanci ma mutane ni suke kallo su ga ko zan karye, ban karye ba. Ba zan fara abin da ban yi tana raye ba don wata mata ta ɓoye takarda a mayafi.

Wannan katin ma shi ya fi ba ni haushi. Na taurari da na lambobi ƙarya suka yi wa matacciya. Shi kuwa gulmata ya yi, a gidan da ban taɓa shiga ba, a bakin yarinyar da ban sani ba. Ki gaida Clara, ki ce mata tsohon da take nema yana nan, yana shan shayinsa.

Ki ƙona su, ki hau mota ki zo. Kayana har an fara ɗaurewa. Bara'u ya sayo mini wata jaka mai ƙafa kamar keken yara.

Allah ya shirye ki.

Kakanki,
Rabe

*

Sparkhill, Birmingham

Kaka,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka a bas a kan Stratford Road, na wuce inda zan sauka ban sani ba. Ban san ta karya hannu ba. Ban san tana dariya ba. Na dawo na ɗauko hoton na yi ta kallon bakin.

Na ji batun kunya, kuma ba zan ce maka al'adarku ba ta da kyau ba. Amma ka duba. Kunyar nan tsakaninka da ita ce, ita kuma ta tafi. Ni aka bari da ita. Watan jibi zan cika shekarun da ta rasu a kansu, daga nan zan girmi uwata, ban san ko muryarta irin tawa ba ce.

Ba zan ƙona katin ba, na Clara ne. Kuma ba zan zo ba. Ba shift ne ya hana ni ba, zan iya samun wanda zai riƙe mini. Na san yadda za a yi. Falo zai cika da masu sallama, a yi ta kawo shinkafa, ka zauna a tsakiya kana ba su labarin rijiyoyi. In na matso ka ce amarya ta zo, a yi dariya, ka sa mini albarka, jirgi ya tashi da kai da duk abin da ka sani. Gara in yi kukana a nan.

Amma na lura da wani abu. Tun ina yarinya nake roƙonka da ladabi ban samu komai ba. Ranar da aka yi mata ƙarya, ka cika shafi biyu. To na koma wurinsu. Na sa lokacin shuka kamar yadda ka faɗa, na zaɓi wata rana a watan Yuni da ka. Yanzu na taurari ya ce fuska biyu gare ta, abin da ke bakinta daban da na zuciyarta. Na lambobi ya ce matsoraciya ce, ba ta iya tsayawa gaban manya, kuma ba ta son dabbobi. Na sake zaro kati, ya fito da wata mata ta bar gida ta juya baya, Clara ta ce watakila mai riƙo ce, ba ta yafiya.

Tunda ba ni da wanda zai ce ba haka ba ne, na karɓa. Zan sa a rubuta mini shi da kyau in manna a bango kusa da hoton, in na haihu in nuna wa 'ya'yana in ce ga halin kakarku.

Allah ya kai ka gida lafiya, ango. Kilishinka yana hanya.

Latifa

*

Longsight, Manchester

Latifa,

Bayan gaisuwa. Kada ki ɗauka ban gane tarkon ba. Na yi dillancin fata shekara da shekaru, na san mai ɓata kaya don a sauke masa farashi. Kin iya, kuma ba a ƙasa kika tsinta ba.

Duk da haka ban yi barcin rana ba. Matsoraciya? Yarinyar da ta tsaya a zauren dagaci, gaban dattawa, ta ce ita sai ta tafi makarantar horon malamai, in kuɗin mota ne ta sayar da tunkiyarta. Ina cikin zauren, na sunkuyar da kai ina wasa da carbi, cikina kuwa kamar in tashi in yi rawa. Ba ta son dabbobi? Wa ya kwana da ɗan akuya mai karyayyar ƙafa a ɗaki har yayata ta yi rantsuwa za ta kore su su biyu? Fuska biyu kuwa, da ta samu ko rabin ta biyu da an huta. Abin da manajanki ya gaya miki, shi hedimastan da ta yi aiki a ƙarƙashinsa ya zo har gida ya gaya mini, kusan kalma da kalma. Riƙo kuma ba ta da shi, fushinta ba ya kai tuwo ya huce.

Muryarki ba irin tata ba ce, tata ta fi kauri. Tafiyar ce iri ɗaya, da yadda kike ɗage haɓa in za ki yi gardama.

Ba za a manna wannan ƙazanta a bango kusa da fuskarta ba ina numfashi. Har yanzu ina kan bakana, duk ukun shara ne, na taurari maƙaryaci, na lambobi ɗan damfara, karta kuwa munafuka. Sunan ma ba zan faɗa ba, kada ki sa rai, ke kin san shi. Amma sauran ba zai shiga takarda ba, yatsuna sun gaji, kuma akwai abin da sai ana kallon mutum ake faɗa.

Bara'u ya ce in jira Lahadi ya kai ni a motarsa. Na ce a'a, in yana wurin bakina ba zai buɗe ba, ƙanin uwarki ne. Ya ce ba na jin Turanci, zan ɓace. Na ce na je Ikko a bayan motar shanu ban ɓace ba. Ya gaji ya yanko mini tikiti, ya rubuta sunan unguwarku da lambar gidan a kwali da manyan baƙaƙe. Wannan takardar ma hotonta zai ɗauka ya tura miki ta waya yau, don kada in riga ta isowa.

Ki nemi wanda zai riƙe miki aikin. Ki ce wa Clara ta kwashe kartarta daga kan tebur, a kansa zan ci abinci. In tana so ta zauna ta ji, ta zauna, tunda ita ta fara. A sa barkono da yawa a miyar.

Gobe da safe in na yi sallah zan sa babbar rigata, in hau bas a Stockport Road zuwa tasha, in shiga motar Birmingham ta farko. Ki tsaya inda ake sauka, don ni ba zan tambayi kowa hanya ba.

Kakanki,
Rabe